Gwajin injin gudu ga yaro ɗan shekara 12

'Yar'uwa, kin ce likita a nan Katsina ya rubuta wa ɗanki gwajin injin gudu, wato gwajin zuciya yayin da yake tafiya da gudu a kan inji, ko akwai haɗari? Kwantar da hankalinki, yara na yin sa lafiya lau. Za a manna masa wayoyi a ƙirji, ya fara da tafiya, duk minti 3 a ƙara sauri da tudu, likita na lura da bugun zuciyarsa. Da ya ce jiri ko ƙirji na ciwo, a tsayar.

Sai dai in yana zazzaɓi, a ɗaga ranar. Ya sa kambas, ban da silifa, kuma kada ki cika masa ciki da fura. Nawa yaron sai da aka hana shi rataye jikin ƙarfen gefe, don hakan na rage wahalar, sakamakon ya fito ba daidai ba.