Ƙanwata, ɓerayenki lafiyarsu ƙalau

Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar labarina kike bayarwa. Kin ce silaid (gilashin da ake dubawa a maikroskof) na naman nonon ɓerayenki maza na kwantrol, waɗanda ba ki ba magani ba, ya fito cunkushe da albiyoli, wato 'yan jakunkunan da ke cikin naman nono, malaminki kuma ya ce ko kin cakuɗa kwalabe, ko ƙari ne. Babu ko ɗaya. Namijin ɓeran bincike irin Wistar da ya balaga haka Allah Ya yi shi: albiyoli manya-manya a dunƙule, ƙwayoyinsu kamar da kumfa a ciki, bututu kaɗan. Macen da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba ita ce mai bututu birjik, albiyolinta 'yan tsiraru a warwatse cikin kitse. Ido ya saba zaton akasin haka, shi ya sa ake ruɗewa.

Ni a nan Gombe abin ya same ni. Tun daga Vom ta jihar Filato na ɗauko ɓerayena a mota, ɗan kunnena na sayar na ciyar da su sati shida. Ranar difens, wato ranar kare aikin bincikena, wani malami ya leƙa maikroskof, ko minti ɗaya bai yi ba, ya ɗago ya ce a gaban jama'a wai ban san namiji da mace ba, ina zan iya aikin bincike. Aka kwashe da dariya. Ina tsaye, hannuna na rawa, bakina ya bushe ƙamas. Na hau Keke Napep zuwa Tudun Wada ina kuka cikin hijabi, mai keken har yana ce min Hajiya a yi haƙuri, ya zaci rasuwa aka yi min. Har yau mutumin nan bai ce min yi haƙuri ba, ko bayan da wata likitar dabbobi ta duba ta tabbatar silaid ɗina daidai ne. Mun haɗu a wani biki, ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba.

Ke dai ki kai wa malaminki gawar ɗaya in kina da ita a fomalin, ruwan da ake adana nama a ciki don kada ya ruɓe. Namijin ɓera ba shi da kan nono sam, hormon ɗin maza ke hana shi fitowa tun yana ciki, mace kuwa guda 12 gare ta. Ya ƙirga da kansa.

Ki riƙa yanko nono na huɗu, na gefen ciki, tare da kaluluwar da ke wurin don ta zame miki alama. Kuma da fensir za ki rubuta lamba, tawadar maka tana gogewa da sifirit, ni ta taɓa ci na. Kada ki ajiye fomalin a ɗakin kwana, na yi tarin wata guda.

Mazan da kika ba magani fa, kin duba su? In naman nononsu ya koma mai yawan bututu irin na mata, to can sakamakonki yake, hormon ɗin furolaktin ko istirojin ya motsa. Turo min hotunan da daddare in an kawo wuta.