Ta yaya ake ba da haƙƙin mallakar ƙirƙira kan MSAA alhali tsohuwar dabara ce?

Malam, ka tambaya yadda kamfani zai sami takardar mallakar ƙirƙira kan rabon ma'adanar GPU (na'urar sarrafa hoto a kwamfuta) don MSAA (dabarar rage kaushin gefen siffofi a allo ta hanyar ɗaukar samfuri da yawa a kowane ɗigo), tunda dabarar ta daɗe. Ai mai binciken ofishin ba da takardar ba MSAA ɗin yake dubawa ba, iƙirarin da aka rubuta a ƙarshen takardar nema yake bi kalma bayan kalma.

Duba lissafin. Allon 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600. In kowane ɗigo ya ci bayit 4 na launi, kusan megabayit 8 ke nan. Kunna MSAA mai samfuri huɗu, sai ya koma wajen 33, ga ma'adanar zurfi (mai ajiye nisan abin da ke kowane ɗigo) ita ma ta ninka huɗu. Alhali yawancin ɗigon suna tsakiyar siffa ne, launinsu ɗaya. Na gefe kaɗai ke buƙatar launuka daban-daban. To, wanda ya samo hanyar ajiye launi guda a inda ya isa, ya ware ƙarin wuri sai an buƙata, shi ne ke da abin nema.

A ofishin mallakar ƙirƙira na Amurka, sashe na 102 na dokar yana tambaya ko an taɓa yin abin, na 103 kuma ko duk gwani zai iya hango shi. A ganina nan aka fi faɗuwa: mai bincike ya haɗa tsofaffin takardu biyu ya ce ga abinka. Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Alice a 2014 ma yana kawo cikas ga tunani zalla, amma rage cin ma'adana gyara ne a aikin na'ura, yakan tsallake. Yawanci sai an ƙuntata iƙirarin kafin a amince.