Ɗan hayata ya ƙi biya, ya ƙi tashi: zan iya cire masa ƙofa?

Tambaya: Barista, ina da gida a Agege, Legas. Wani ɗan haya ya shiga shekara 4 da suka wuce, ya biya kuɗin shekara 2 a dunƙule, daga baya muka koma shekara-shekara. Kuɗinsa ya ƙare wata 8 ke nan, kullum sai ya ce in ƙara haƙuri. Ba mu rubuta komai ba, amana ce. Tunda babu takarda, ina ganin ba shi da abin riƙewa. Ina so in ba shi sati 2, in bai tashi ba in yanke wuta, in cire ƙofa, ko in kira 'yan sanda.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri. Kafin komai, kada ka taɓa ƙofar nan, kada ka taɓa wayar wuta. Abin da zan faɗa ya dogara ne a kan bayaninka kaɗai, ban ji ta bakin ɗan hayar ba, kuma ban ga ko da rasit ɗaya ba.

Inda ka yi kuskure shi ne zaton rashin takarda ya raunana shi. Yarjejeniyar baka ma haya ce a idon doka. Tunda ka karɓi kuɗinsa ka ba shi makulli, ya zama ɗan haya, kuma rashin rubutun, kai ya fi cutarwa. Da kun rubuta cewa notis ɗin wata 1 ya isa, da galibi kotu za ta bi abin da kuka rubuta. Da yake ba ku rubuta ba, sai a koma ga Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta shafi Agege (Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja ne aka cire daga cikinta). Sashe na 13 ya ce mai biyan wata-wata notis ɗin wata 1 ne, mai biyan wata 3 ko wata 6 notis ɗin wata 3, mai biyan shekara kuwa wata 6. Naka, bisa ga yadda ka bayyana, na shekara ne. Sati 2 ɗin da ka ambata ba shi da gurbi a nan.

Za ka ji wasu lauyoyi na cewa wanda kuɗinsa ya ƙare, ya ci gaba da zama bai biya ba, ya zama mai zaman alfarma, notis ɗin kwana 7 ya wadatar. Suna kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2006 a shari'ar Odutola da Papersack. Maganar tana da tushe, amma ba kowane alƙali ne zai ga ta dace da naka ba, musamman idan ka karɓi ko da Naira 20,000 daga hannunsa cikin watannin nan. Ka karɓa? Ba ka faɗa ba. Ni dai da wuya in ɗora shari'a kacokan a kan wannan, domin in aka yi watsi da notis ɗin, an koma farko, wata 6 ɗin da ake gudu ya zama shekara.

Sauran matakan sanannu ne: notis ɗin tashi, in ya cika sai notis ɗin kwana 7 na niyyar zuwa kotu, sai ƙara a kotun majistare. In lauya ko ejan ne zai sa hannu a madadinka, ka ba shi izini a rubuce tun kafin ya rubuta notis ɗin, kuma a ajiye shaidar cewa takardar ta isa hannun ɗan hayar. Ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum bayan hukunci, ba mai gida ba.

Batun ƙofa da wuta kuwa, Sashe na 44 ya mai da fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko takura masa don ya gudu, laifi: tarar da za ta iya kaiwa Naira 250,000 ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6. Ban da diyyar da zai iya nema. Wato mutumin da kake bi bashi sai ya wayi gari shi ne mai ƙara. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar bashi ko yarjejeniya, ko da wani ya yi maka alkawarin zai "tsorata shi kawai".

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, amma lauyansa zai tono. Kuɗin shekara 2 da ka karɓa a farko ya saɓa wa Sashe na 4, wanda ya hana karɓar fiye da na shekara 1 daga sabon ɗan haya. Shi ma da ya bayar dokar ba ta wanke shi ba, kuma ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan wannan ba, amma ba abin da za ka so a karanta a gaban alƙali ba ne. Haka rasit: Sashe na 5 ya wajabta bayarwa, da kwanan wata, sunayenku, adireshin gidan, adadin kuɗin da lokacin da aka biya wa. Rashin bayarwa tarar Naira 100,000 ce. In ta banki yake biya, ka fitar da bayanan asusunka yanzu.

Ba ina kare shi ba ne. Wata 8 ana "ƙara haƙuri" ba tare da ya kawo ko rabi ba, ko ya faɗi ranar tashi, wannan ya wuce neman uzuri. Kana da damar neman bashinka, har da kuɗin zaman da ya yi bayan ƙarewar haya, zuwa ranar da zai miƙa makulli. Sai dai samun hukunci daban, karɓar kuɗi a hannun wanda ba shi da shi daban.

Shi ya sa shawarata ita ce ka yi abu biyu a tare. Ka sa lauya ya ba shi notis ɗin wata 6 a wannan satin, domin lokaci ya fara tafiya. Sannan ka kira shi zama, ko a gaban Sarkin Hausawan Agege ko limamin unguwa in yana jin nauyinsu, ko a Cibiyar Sasanci ta ma'aikatar shari'ar jihar, wadda ba a biyan kuɗi. Ko ka je kotu, Sashe na 32 ya ba alƙali damar turo ku can. Ka yi tunanin yafe masa wata 3 ko 4 in zai tashi cikin kwana 60. Sau da yawa hakan ya fi kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu sauƙi. Duk abin da kuka cimma a rubuta, da ranar tashi, ku sa hannu gaban shaidu.

Sauran 'yan hayar gidan kuma, in su ma amana ce, ka kawo sunayensu da ranar shigar kowa a rubuta musu yarjejeniya kafin kuɗinsu na gaba ya zagayo.