Tambaya da Amsa: Injin kwalekwalena ba ya tashi da sanyin asuba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, nan jihar Gombe. Ina da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, wanda ake haɗa masa fetur da mai, na hannu na saye shi shekara 6 ke nan. Tun da hunturu ya shigo, kullum bayan sallar asuba sai na ja igiya fiye da sau 30 kafin ya tashi, har kafaɗata ta fara ciwo. Abokan sana'a sun kai wajen ragarsu, ni ina bakin ruwa. Amma da zarar ya yi zafi, ja ɗaya yake tashi har yamma. Wani bakanike ya ce kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, na saya aka sa, ba abin da ya canja. Yanzu kuma ya ce a sauke injin. Mene ne shawararka? Daga wani masunci, Dadin Kowa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar kamu. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Kuɗin kwayil ɗin ma ya ba ni takaici, domin kwayil mai shirin mutuwa yawanci sai ya ɗauki zafi yake yanke wuta, naka kuwa da zafi ne yake lafiya. Abin da ka faɗa ya fi kama da inji mai yunwar mai.

Fetur ba ya kamawa sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Da sanyin Disamba da Janairu a kan ruwa, ƙarfen injin ya kwana yana shan raɓa, wani ɓangaren man da ya shiga sai ya maƙale a jikin ƙarfe yana ruwa-ruwa. Shi ya sa aka yi cok: faranti ne da ke toshe bakin kafireta, iska ta ragu, mai ya ƙaru. A tsofaffin injuna sandar cok takan saki, ka ja maɓallin har ƙarshe amma farantin bai rufe ba. Gobe ka cire murfin injin, ka ja cok, ka leƙa da tocila. In ka ga rata, to ka kama ɓarawonka, kuma gyaransa bai kai kuɗin kifi ɗaya ba.

In cok yana rufewa, ga gwajin da na fi yarda da shi. Ɗebi haɗaɗɗen manka kamar rabin ƙaramin cokali a sirinji, ka fesa a bakin kafireta, ka ja. Kada a yi kusa da wutar jin ɗumi ko mai shan taba, don Allah. In ya tashi nan take ya mutu, wuta lafiya take, mai ne ba ya isowa. Laifin kusan kullum na ƙaramin jet ɗin silo ne, wato ɗan bututun cikin kafireta da ke ba inji mai in yana juyawa a hankali. Raminsa bai kai tsinin allura ba, kuma fetur ɗin da ake saye a galan a bakin hanya ba ya rasa datti da ruwa. Ga ƙurar hunturu, su kuma waɗannan injuna ba su da matatar iska irin ta babur. Da zafi injin yakan yi haƙuri da jet mai rabin toshewa, da sanyi ba ya yi. A kwance kafiretar, a fitar da jet ɗin, a wanke, a busa da iska, a ɗaga shi a rana a ga haske ya ratsa. Kada a zura masa waya, tana faɗaɗa ramin ya lalace gaba ɗaya.

Kafin duk wannan, duba yadda kake tayar da shi. Buɗe 'yar ƙusar iska da ke kan murfin tanki, ka matsa robar tiyo, kibiyarta na kallon sama, har ta yi tauri. In ba ta tauri komai matsawa, bawul ɗinta ya mutu ko tiyo na shan iska, man yana komawa tanki cikin dare. Giya a furi, hannun mai a kan alamar tayarwa, cok a waje. Da ya yi tari sau ɗaya, mayar da cok. Mutane da yawa suna ci gaba da ja da cok a rufe, fulogi ya jiƙe, su ƙara wa kansu wahala.

Fulogi kuma, ka cire duka biyun ka gani. In sun yi baƙi suna maiƙo, mai yiwuwa man inji ya yi yawa a haɗinka. Na san ana ƙara shi don tausayin tsohon inji, amma awon da aka saba shi ne 50 da 1, wato rabin lita na mai a lita 25 ta fetur, sai in takardar injinka ta faɗi wani. Kuma man injin haɗi, ba baƙin man mota ba. Sayi sabbin fulogi na NGK masu lambar da kamfanin Yamaha ya rubuta. Wadda lambarta ta ƙare da 10, ratar bakinta milimita 1 ce.

Sai an gama da waɗannan duka ake maganar sauke inji, shi ma da awo. A sa geji a ramin fulogi a auna matsin silinda biyun. In ɗaya ta gaza ɗaya da fiye da kashi 10 cikin 100, ko dukansu sun yi ƙasa da 90 a ma'aunin psi na gejin, mai yiwuwa ring ɗin fistan ya cinye, bakanikenka ya yi gaskiya. Ka tsaya a kansa a yi awon a gabanka, in ba shi da geji ka shigo da injin cikin Gombe.

Duk gwajin nan a yi shi ƙafar injin na cikin ruwa ko cikin duro, domin robar famfon ruwa tana ƙonewa cikin ɗan lokaci in ta juya a bushe. Da dare kuma ka rufe kansa da buhu. Ka rubuto mini abin da ka gani a bakin kafiretar.