Tun Baba Yana Iya Magana

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina tsohon soja ne, shekarunsa 74. Ciwon daji ya kama masa hanta, ƙoda ma ta fara gazawa. Kullum cewa yake kada a kai shi Yamai, a bar shi a ɗakinsa, amma yayanmu da ke Agadas ya ce ko gona za a sayar sai an kai shi. Yaya za a yi maganar Baba ta tsaya ranar da ba ya iya faɗa da bakinsa? *Daga wata ƴar'uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. A rubuta jinyar da yake so da wadda ba ya so a takarda, kuma cikin makon nan. Hanta da ƙoda in sun gaza, dafi na taruwa a jini har hankali ya riƙa gushewa. Mutum ya kwana yana hira, ya wayi gari bai gane ƴaƴansa ba. Takardar da aka yi bayan haka, kowa zai iya cewa ba cikin hayyacinsa ya yi ba.

Ku nemi likitansa ya zauna da shi da safe, lokacin da ya fi wartsakewa, ya faɗa masa gaskiyar inda ciwon ya kai. Daga nan a bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, don "kada a wahalar da ni" ba ta gaya wa likitan da ke gadi da dare abin da zai yi. In zuciya ta tsaya, a danna ƙirji? Ana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Haƙarƙarin tsoho kan karye, kuma mai dajin da ya bazu da wuya ya tashi har ya koma gida. Injin numfashi fa? Roba ce ake zurawa a maƙogwaro, ba magana, galibi da maganin barci. A sanar da shi haka kafin ya amsa. Wankin ƙoda bisa ƙa'ida sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama, ban da zirga-zirga da kuɗin mota. Sai robar abinci ta hanci, ƙarin jini, da ita tafiyar Yamai ɗin, fiye da kilomita 600 a kwance cikin mota. Ba dole amsar ta zama i ko a'a ba. Yana iya cewa a gwada wankin ƙoda mako biyu, in ba sauƙi a mai da shi gida. Irin wannan sharaɗi ya kan sasanta ƴan gida ɗaya fiye da doguwar gardama.

Ya zaɓi wakili ɗaya da zai yi magana a madadinsa, da na biyu ko da ba a samu na farkon ba. Ba lalle babban ɗa ba. Wanda ke kusa ake so, mai ɗaukar waya, wanda zai iya maimaita maganar Baba gaban dangi ko da ransa bai so ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, rashin ambaton suna shi ne ke kunna rigima a bakin gadon asibiti.

A rubuta da Faransanci saboda ma'aikatan asibiti, da Hausa saboda gida, a karanta masa a fili. Ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da kwanan wata, gaban shaidu biyu waɗanda ba magada ba. Hatimin ma'aikatar magajin gari yana ƙara tabbatar da cewa hannunsa ne. Ku kuma ɗauki muryarsa a waya ku tura wa yayanku ta WhatsApp tun yanzu. Ya fi kyau ya ji daga bakin mahaifinsa, ya yi tambayarsa Baba na da ikon amsawa.

Inda aka fi yin asara shi ne ajiya. Takarda ta shiga akwatin ƙarfe tare da takardun fansho da lambobin yabo, a kulle, ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare, ba wanda ya tuna da ita. Irin wannan matsala ce ta sa a 2017 ma'aikatar kula da tsoffin sojojin Amurka ta ɓullo da tsarin da likita ke mai da zaɓin majinyaci rubutaccen umarni a cikin fayil ɗinsa. Ku yi kwafi uku: ɗaya a fayil ɗin asibiti, ɗaya wurin wakili, ɗaya a liƙe cikin karne, wato ɗan littafin da ake zuwa likita da shi. Duk ranar da Baba ya canza ra'ayi, maganarsa ta ƙarshe ita ke aiki. A yi sabuwa, a karɓo tsoffin a yaga.

Tambaya: Wannan ba yanke ƙauna daga rahamar Allah ba ne? *Wani dattijo daga Bagalam.*

Amsa: Alhaji, a ba mutum abin da zai kashe shi haramun ne, ba wannan ake rubutawa ba. Ana magana ne kan barin jinyar da likitoci suka tabbatar ba za ta amfane shi ba, wadda malamai da yawa suka halatta. Majalisar fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta yarda a cire injin numfashi idan likitoci ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu. Ku je wa malaminku da bayanin likita a hannu. Kuma kada a haɗa maganar jinya da wasiyyar dukiya a takarda ɗaya. Waccan sai bayan rasuwa ake buɗe ta.

Tambaya: Maigidana ya yi aikin soja shekaru masu yawa. Yana cewa ba abin da ke masa ciwo, amma ina ganin yana cije baki, da dare kuma ya farka a firgice. Me za mu sa a takardar? *Wata uwargida daga Zariya, Maradi.*

Amsa: Hajiya, wanda aka horar ya daure ba ya saurin cewa wayyo. Kada ki tambaye shi ko yana jin ciwo. Ce masa daga 0 zuwa 10, nawa? A rubuta ƙarara cewa ya yarda a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi. Morfin na sha mai saurin aiki ana ba da shi duk awa 4 bisa agogo, ba a jira sai ciwo ya dawo, kuma a haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko, don yana ɗaure bayan gida. In likita ne ke auna shi, ba ya gaggauta ajali.

Firgitar dare kan ƙaru idan jiki ya raunana, abin da ya gani a fagen daga ya dawo masa. A rubuta cewa kada a ɗaure masa hannu a gado sai in ba makawa, a yi masa sallama a kira sunansa kafin a taɓa shi, a bar fitila a kunne. In akwai abokan aikinsa da yake so su zauna kusa da shi, ya faɗi sunayensu. In kuma da ɓarɓashin harsashi ko na bam a jikinsa, a nuna wurin a takardar, domin na'urar hoto mai maganaɗisu tana iya motsa ƙarfen.