Gansakuka ta mamaye tafkin kifina: magani zan saya ko gwaji zan biya?

Wani mai kiwon kifi ya aiko da tambaya: "Tafkuna uku gare ni. Ɗaya ya yi kore, ga wasu zare-zare a cikin ruwan. Mai sari ya ɗanɗana kifin, ya ce warin laka yake yi, ya fasa ɗauka. An ba ni shawarar zuba kofa salfet, maganin kashe gansakuka. Kuɗin hannuna ba zai isa magani da gwaji a lokaci guda ba. Wanne zan fara?"

Malam, gwaji za ka fara. Kalmar gansakuka ta haɗa halittu iri biyu da ba su da dangantaka. Akwai gansakuka ta ainihi, irin su Spirogyra mai santsi da Pithophora mai kaushi kamar ulu. Waɗannan suna hana jan raga, amma ba su da dafi. Akwai kuma wadda ake kira shuɗiya-koriya, wato sayanobakteriya, wadda asalinta bakteriya ce. A cikinta ake samun masu dafi da masu ɓata ɗanɗanon kifi. Idan ka zuba magani ba ka san wadda ke tafkinka ba, kana iya rasa kuɗin maganin da kifin gaba ɗaya.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Sa safar hannu, ka tsoma sanda ka ɗago. In dogayen zaruruwa kore shar suka rataya a jikinta kamar gashi, galibi ta ainihi ce. In sandar ta fito kamar an shafa mata fenti, shuɗiya-koriya ce. Sannan ka ɗebi ruwan a kwalba mai haske, ka sa a firji ya kwana. Ta ainihi tana kwantawa a ƙasa, shuɗiya-koriya takan taso sama.

Sai dai waɗannan gwaje-gwajen ba sa kama biyu daga cikin mafiya haɗari. Microseira wollei, wadda aka sani da Lyngbya wollei kafin a sauya mata suna a 2015, tana fitowa a sanda curi-curi kamar gashi, sai mutum ya zaci mara illa ce. Launinta ne ke tona ta: baƙi-baƙi ce, tana shimfiɗa a ƙasan tafki kamar tabarma kafin ta taso, tana kuma warin ruma. Ita kuwa Raphidiopsis raciborskii, wadda tsofaffin takardu ke kira Cylindrospermopsis, ba ta cika yin kumfa a saman ruwa ba, warwatsuwa take yi a cikinsa. Ka lura da batun sunayen nan, don sakamakon ɗakin gwaji na iya zuwa da sabon suna, takardar magani kuma da tsoho. Haka Anabaena mai yawo a ruwa, wata shuɗiya-koriyar, ta koma Dolichospermum.

A ɗakin gwaji, da madubin da ke ƙara girma sau 400, abu uku ake dubawa: faɗin zaren, ko yana da kube, da inda ƙwayar da ke zuƙo naitirojin daga iska take. Dolichospermum jere take kamar carbi, ƙwayar nan na tsakiyar zaren. A Raphidiopsis raciborskii a ƙarshen zaren take, da tsini. Oscillatoria da Planktothrix, su ma shuɗiya-koriya ne, ba su da wannan ƙwayar sam, Microseira kuma kubenta kauri gare shi. Warin lakar da mai sari ya ji kuwa, sinadarai biyu ke kawo shi, jiyosmin da MIB. A gonakin tarwada na jihar Mississippi ta Amurka an daɗe da gano cewa wani nau'in Planktothrix ne babban mai fitar da MIB.

Ka ɗebi samfuri a kwalabe biyu masu tsabta, kowacce da ruwa daga sama da kuma kusa da ƙasa. Ɗaya a ɗiga mata ruwan aidin na Lugol har ta yi launin shayi, don ƙwayoyin su adanu. Ɗayar a bar ta haka nan cikin sanyi da duhu, ta isa ɗakin gwaji cikin awa 24. Ka nemi a faɗa maka sunan jinsin da yawansa a kowace mililita. Sanin suna ba ya tabbatar da dafi, domin jinsi ɗaya na iya samun mai dafi da mara dafi. Gwajin dafin daban yake, ya fi tsada, kada ka biya shi sai an ga jinsin da ake zargi.

Dalilin da ya sa nake hana ka gaggawar kofa salfet shi ne, idan ƙwayoyin suka mutu lokaci guda suna fashewa, dafin cikinsu ya zube a ruwa, ruɓewarsu kuma ta shanye iskar oksijin, kifi ya mutu da asuba. A 1979 a tsibirin Palm na Ostareliya, an zuba wannan maganin a madatsar ruwan sha, mutane sama da ɗari, akasarinsu yara, suka kwanta a asibiti. Daga baya aka danganta abin da Raphidiopsis ɗin nan. In har za a zuba, sai an auna alkalin ruwan (total alkalinity, wato ƙarfin ruwan na kashe tsami) a miligiram a lita, a raba adadin da 100, abin da ya fito shi ne miligiram nawa za a sa a kowace lita. In alkalin bai kai miligiram 50 a lita ba, a haƙura, don maganin da kansa zai kashe kifin. Kuma kashi ɗaya cikin uku na tafkin ake yi wa a lokaci guda, injin iska na aiki dare da rana. Microseira ma kuben nan na kare ta, sau da yawa kofa kaɗai ba ya gama da ita.

Ga lissafin kuɗin. Rubuta darajar kifin da ke tafkin, ka ajiye kuɗin gwaji kusa da ita, za ka ga ƙanƙantarsa. Abin da ke cin jarinka a kullum abinci ne, kuma ragowar abincin da kashin kifi su ke ba gansakukar fosfaras. Saboda haka ka rage abinci daga yau, ka daina zuba taki, kada ka bar dabbobi su sha ruwan, kada kuma ka ratsa da shi zuwa sauran tafkuna biyun. In wari ne kawai babu dafi, ka mayar da kifin ruwa mai tsabta. Warin na fita cikin kwanaki, wani lokaci makonni, ya fi jinkiri in ruwan da sanyi ko kifin da kitse. Kafin ka sake kiran mai sari, ka dafa kifi biyu ko uku ba gishiri ba kayan ƙamshi ka ɗanɗana, ka maimaita ranar kamu. In kuwa gwaji ya nuna dafi, ka tsayar da sayarwa har sai an sake aunawa, ka kuma faɗa wa mai sarin dalili, ku sa sabuwar rana.