Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Katolika da Furotesta sun taɓa gwabza yaƙi?

TAMBAYA: Salam Malam. Maƙwabcina ɗan Katolika ne, abokin aikina kuma ɗan ECWA, dukansu Kiristoci amma kowa da cocinsa. Wani ya ce min a Turai har jini aka zubar kan wannan rabuwar, don Allah gaskiya ne? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne kam, kuma ba ƙaramin jini ba.

A Jamus abin ya faro a 1517. Lokacin Fafaroma Leo na 10 yana neman kuɗin ginin babban cocin Saint Peter a Rum, sai aka shiga sayar da takardun sassauci, ka biya a ba ka takarda wai an rage maka azabar zunubi, kai har iyayenka da suka rasu za ka iya saya musu. Martin Luther, wanda shi kansa fada ne kuma malami a jami'ar Wittenberg, ya ga abin ya wuce gona da iri, ya rubuta batutuwa 95 yana sukar wannan ciniki, ga injin ɗab'i ya riga ya zo, kan ka ce kwabo rubutun ya bazu ko'ina. A 1521 Fafaroma ya kore shi daga coci, aka kira shi birnin Worms gaban Sarki Charles na 5 ya janye maganarsa, ya ce atafau. A hanyarsa ta komawa Frederick mai mulkin Saxony ya sa aka yi kamar an sace shi, aka ɓoye shi a fadar Wartburg, a can ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci.

Amma fa ni a ganina ba tsantsar addini ba ne, sarakuna da yawa sun bi Luther (mabiyansa da sauran waɗanda suka ɓalle daga Katolika su ne 'yan Furotesta) ne suna hangen filaye da dukiyar coci. Sulhun Augsburg na 1555 da aka yi tsakanin sarakunan ɓangarorin biyu ma cewa ya yi duk ɗariƙar da sarki ya bi ita talakawansa za su bi, wanda bai yarda ba ya tattara komatsansa.

Yaƙi mafi muni ya ɓarke a 1618 bayan 'yan Furotesta a birnin Prague sun wurgo wakilan sarkinsu ɗan Katolika ta taga (abin mamaki ba su mutu ba), aka shekara 30 ana yi sai 1648, yunwa da annoba suka share ƙauyukan Jamus. Kuma duba nan, Faransa ƙasar Katolika ce amma bayan Suwidin 'yan Furotesta ta goya, don kawai ta karya gidan sarautar Habsburg masu mulkin Ostiriya da Sipaniya, su ma Katolika.